Saint-Louis: birnin da kogi ya gina, teku kuma ke cin bakinsa

A arewacin Senegal, dab da iyakar Moritaniya, akwai wani siririn tsibiri a tsakiyar kogin Senegal wanda tsawonsa ya ɗan haura kilomita 2. A kansa ne Faransawa suka kafa sansanin ciniki a shekarar 1659, suka raɗa masa suna Saint-Louis. Su kuwa 'yan ƙasa, da harshen Wolof, Ndar suke ce masa har gobe.

Kogin ne ya kawo Turawa wurin. Ta cikinsa jiragensu ke kutsawa cikin ƙasa, su sayo bayi, zinariya, fatu da ƙaro. Ƙaron nan da mutanen Nijar, Chadi da Sudan suka san darajarsa, shi ne ya daɗe yana riƙe da kasuwar birnin, domin masaƙun Turai na buƙatarsa wajen buga zanen atamfa. A wannan ciniki ne wasu mata da ake kira signares, waɗanda suka auri fataken Turawa, suka tara dukiya, suka mallaki gidaje da jirage da bayi.

Bayan zuwan gwamna Louis Faidherbe a 1854, birnin ya koma cibiyar mamaye yankin da ƙarfin bindiga. A zamaninsa ne, a 1857, aka kafa rundunar sojojin Afirka da aka fi sani da tirailleurs. A 1895 Saint-Louis ya zama hedkwatar Afirka ta Yamma ta Faransa, tarayyar da Nijar ta shiga daga baya.

Sai dai tun kafin nan kasuwa ta soma juya masa baya. Yashi na yawan toshe bakin kogin, manyan jirage ba sa shiga cikin sauƙi. Layin dogo da ya haɗa shi da Dakar a 1885 ya janye gyaɗa da sauran kaya zuwa kudu. A 1902 aka mayar da hedkwatar tarayyar Dakar, sannan a 1957 aka yanke shawarar ɗauke hedkwatar Senegal ita ma.

Wannan koma baya ne ya sa tsofaffin gine-ginen suka tsira, tunda ba a samu masu kuɗin rushe su a yi sababbi ba. Titunan a miƙe suke, sun gitta juna. Gidajen fatake benaye ne: ƙasa shago da ɗakin ajiyar kaya, sama wurin kwanan iyali, da barandar katako ko ta ƙarfe da rufin jan tayil. Akwai babban coci da aka buɗe a 1828, da gadar Faidherbe mai tsawon mita 507 da aka buɗe a 1897. Hukumar UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Amma gishirin teku da laima na cin bangaye, kuma gidan da magada suka yi wa yawa da wuya a samu mai gyara shi.

A yau kamun kifi ne babbar sana'a. Unguwar masunta ta Guet Ndar na kan wani zirin yashi da ke tsakanin kogi da teku. Yawon buɗe ido, bikin kiɗan jaz na shekara-shekara da jami'ar Gaston Berger su ma na kawo kuɗi. An kuma soma haƙar iskar gas a teku, a kan iyaka da Moritaniya, lamarin da masunta ke kukan ya rage musu wuraren jefa koma.

Babbar barazana ita ce ruwa. A watan Oktoban 2003, da ambaliya ta tunkaro birnin, hukumomi suka yanka zirin yashin da faɗin mita 4 don kogi ya samu mafita. Birnin ya tsira, amma igiyar ruwa ta ci gaba da faɗaɗa wurin har ya kai kilomitoci. Ƙauyen Doun Baba Dièye ya nutse, kwale-kwale da dama sun kife a mashigar, masunta sun rasa rayukansu. A unguwannin bakin teku ruwa ya rushe gidaje, an kwashe ɗaruruwan iyalai zuwa tudu, nesa da kwale-kwalensu da kasuwar kifin da suke ci da ita.