Carbin da Ke Nannaɗe Kansa



Uwargida, idan kika fasa ƙwai a kasko, ruwansa sai ya daskare ya yi fari fat. Zafi ne ya warware furotin ɗin da ke ciki, kuma ko ya huce ba zai koma yadda yake ba.

Furotin kamar carbi yake. Duwatsunsa, waɗanda masana ke kira amino asid, iri 20 ne, a jere cikin zare. Sai dai zaren ba ya zama a miƙe. Nannaɗe kansa yake yi, ya lanƙwashe nan, ya dunƙule can, har ya sami tsawo da faɗi da kauri. Da wannan siffar yake aiki, kamar ɗan makulli da haƙoransa.

Ga himogulobin, mai dakon iskar oksijin a cikin jini. Max Perutz ya shafe fiye da shekara 20 a Kambirij ta Ingila kafin ya ga siffarsa, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1962. A can kuma Vernon Ingram ya gano abin da ya shafe mu kai tsaye: a jinin mai sikila, cikin duwatsu 146 na wani zaren himogulobin, na shida kaɗai ya sauya. Ɗaya tak! Wurin sai ya yi danƙo. Da zarar oksijin ta ragu, furotin ɗin su manne wa juna, su zama sanduna, su tanƙware ƙwayar jinin kamar lauje, ita kuma ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin nan da ke hana yaro barci lokacin hunturu, nan tushensa yake. A daina ɗora wa mayu laifi.

Yau manhajar AlphaFold ta hasko siffofin furotin sama da miliyan 200, masu ita ma sun sami Nobel a 2024. Madalla, amma hasashen siffa bai kai magani ba tukuna.

Don haka samari da 'yan mata, kafin a kai lefe, a je a gwada jini. Idan mai jinin AS, wato mai ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, ya auri mai AS, kowane ciki yana da kasadar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila.