Yaɓen Gida Kafin Damina

A Safo, gidaje da yawa na ƙasa ne. Ginin ƙasa kuwa ba ya shiri da ruwa. Ko a Maraɗi, ambaliyar gulbi ce ta rushe tsohon gari a shekarar 1945, har aka maida shi bisa tudu.

Shi ya sa da bazara, tun hadari bai taso ba, maigida yake zagaya gidansa yana duba bango. In ya ga tsaga, ba ya liƙe ta haka nan. Sai ya ƙanƙare bakinta, ya yayyafa ruwa, sannan ya cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Busasshen bango ba ya kama sabon yaɓe.

Ƙasar yaɓe ba a yi mata gaggawa. Ana kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta yi kwanaki. Ciyawar ce ke hana ta tsattsagewa in ta bushe. Wasu suna jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, su shafe bango da ita don ruwan sama ya riƙa zamewa.

Akwai masu shafa siminti bisa bangon ƙasa. Yana da kyan gani, amma siminti da ƙasa ba su riƙe juna. Ruwa yakan shiga ta baya, wata rana sai shafen ya ɓamɓare.

Indararo ma sai an share shi. In ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, azara ta jiƙe, rufi na iya faɗo wa mutane suna barci.