Inabin Pinot Noir da Tambayar Manomin Kadawa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, da ya wuce Kura zai ga ƙasa ta yi kore shar da alkama da tumatir da albasa, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Ruwan madatsar Tiga ne, wadda aka kammala a 1974, ake korowa zuwa gonakin Kadawa da Bunkure. Yanzu da noman inabi ya yi ƙarfi a Kudan ta Jihar Kaduna, ba mamaki manomin wannan yanki ya ce, tunda ga ruwa, me zai hana shi ma ya dasa? Sai dai akwai tambayar da ta riga wannan: wane iri zai dasa? Kurangar inabi sai an kafa mata rumfa, an yi ɗawainiyar fiye da shekara kafin a ga amfaninta. Wanda ya yi kuskuren iri ya yi asarar kuɗi da lokaci.

Bari mu ɗauki iri guda da ya yi suna a duniya, watau Pinot Noir, wanda ake furtawa "Fino Nuwar". Cibiyarsa ita ce lardin Bargandi a gabashin Faransa, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana nomansa. Turawa giya suke yi da shi, jar giya mara kauri. Giya dai haramun ce a Musulunci, kuma ba ita ce ta kawo mu ba. Tsiron ne abin nazarinmu.

Sirrin wannan iri yana cikin ɓawonsa. Ɗalibi ya samu baƙin inabi a kasuwa ya ɓare ƙwara ɗaya, zai tarar naman ciki fari ne mai ratsin kore. Launin yana cikin ɓawo, kuma wani sinadari ne mai suna antosayanin ke kawo shi, dangin wanda ke sa zoɓo da jar albasa ja. Malami na iya nuna halin wannan sinadari a aji ba tare da kashe ko sisi ba: a matsa lemon tsami a ruwan zoɓo, jan zai ƙara haske, a zuba ruwan kanwa, sai ya rikiɗe ya yi duhu. To, ɓawon Pinot Noir siriri ne, sinadarin da ke cikinsa kaɗan ne, shi ya sa abin da ake samu daga gare shi ba ya yin ja wur.

Wannan siririn ɓawo kuwa shi ne rauninsa. 'Ya'yan ƙanana ne, a cunkushe suke a jikin nono har iska ba ta ratsa su. In laima ta yi yawa sai funfuna ta kama su su ruɓe. In rana ta yi ƙuna sai su ƙone. A Bargandi matsakaicin zafin watan Yuli kusan digiri 20 ne a ma'aunin santigireti, don haka 'ya'yan kan nuna a hankali. A Kano kuwa zafin Afrilu yakan kai digiri 40. Irin wannan zafi yana rage tsamin inabi da sauri, yana kuma hana ɓawo tara launi. Ga damina daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da funfuna ke cin kasuwarta. A ganina, wanda ya kawo Pinot Noir Kadawa ya sayi wahala da kuɗinsa. Ko da ya yi, wa zai saya? Mai talla a bakin titi manyan 'ya'ya yake so, masu zaƙi, waɗanda za su jure tafiya a mota.

Wani abin sha'awa shi ne, ba a shuka ƙwallon inabi in ana son irin ya tsaya yadda yake. Reshe ake yanka a dasa, ko a aura shi a kan wani gindi. A 1999 masana sun binciki ƙwayoyin gado suka gano cewa barbara tsakanin Pinot da wani iri mai suna Gouais Blanc ce ta haifi Gamay da Chardonnay, waɗanda kowannensu ya bambanta da iyayensa. Saboda haka mai sayen dashe ya tabbata ya san daga wace kuranga aka yanko shi.

Ƙasashe masu zafi irin namu ne suka fi dacewa mu duba. A Nashik ta Indiya ana noma inabin ci irin su Thompson Seedless da ban ruwa. Da yake babu sanyin da zai sa kuranga ta yi barci kamar a Turai, manoman can sukan datse rassa sau biyu a shekara, wajen Afrilu da kuma Oktoba. Datsewar Oktoba ita ke kawo fure da 'ya'ya a lokacin da babu ruwan sama. A Kadawa, wannan lokaci ya faɗo daidai da hunturu, sa'ad da iska ta bushe, dare ya yi sanyi, ruwan Tiga kuma yana gudana a magudanai.