Tiyatar Yanke Ƙarshen Saiwa: Dama Ta Ƙarshe Kafin A Cire Haƙori

Mai ciwon haƙori ba ya son dogon bayani. Abin da akasari yake roƙon likita shi ne a cire masa haƙorin ya huta. Sai dai haƙorin babban mutum ba ya sake tsirowa, kuma giɓin da ya bari kan sa maƙwabtansa su karkace, ƙashin wurin ya riƙa zaizayewa. Shi ya sa likitocin haƙori ke da wata ƙaramar tiyata da suke gwadawa kafin a kai ga cirewa, wato yanke ƙarshen saiwar haƙorin.

Ba kowane mai ciwo ake yi wa ita ba. Idan ruɓa ta kai ga jijiya, matakin farko shi ne a kwashe jijiyar, a wanke ramin saiwar, a cike shi. Wani lokaci ƙwayoyin cuta kan maƙale a ƙananan rassan da ke can ƙarshen saiwar, inda kayan aiki ba sa kaiwa. Bayan watanni ko shekaru sai ciwon ya dawo: zafi wajen tauna, kumburi, ko ɗan ƙurji a dasashi mai fitar da mugunya. Wani ma ba ya jin komai, hoton ƙashi ne ke tona asirin cutar. Irin waɗannan marasa lafiya ne ke buƙatar tiyatar, musamman idan sake wanke ramin bai yi amfani ba.

Ana yin aikin ne da allurar kashe zafi, mutum yana farke. Likita zai ɗaga dasashi, ya buɗe ƙaramar kafa a ƙashi, ya kwashe naman da ya kamu, sannan ya yanke kimanin milimita 3 na ƙarshen saiwar. Daga nan sai ya toshe bakin ramin ya ɗinke. Yawanci aikin kan ɗauki minti 30 zuwa 90, mutum ya koma gida a ranar. Kumburi kan lafa cikin 'yan kwanaki, amma ƙashin sai ya yi watanni kafin ya cike.

Tiyatar ba ta ceton haƙorin da saiwarsa ta tsage daga sama zuwa ƙasa, ko wanda ciwon dasashi ya sa yake girgiɗi. Tana kuma buƙatar taka-tsantsan a turamen ƙasa, domin jijiyar da ke ba leɓe ji tana kusa da saiwoyinsu. Wajibi ne masu ciwon suga da masu shan maganin tsinka jini su sanar da likita tun farko.

A Najeriya, sashen haƙori na asibitocin koyarwa ne wurin da ya fi dacewa a nemi wannan aiki. Duk wanda aka ce za a cire masa haƙorin da aka taɓa kwashe wa jijiya, yana da haƙƙin ya tambaya ko akwai sauran hanyar ceto shi.