Hawan Duwatsun Kosika a Kan Keke

Da yawa daga cikinmu a kan keke muke zuwa makaranta, kuma mun san yadda cinya take yi idan aka tarar da ɗan tudu. Wasunmu ma sauka muke yi mu tura. To a wannan makon mun kawo muku bayanin wani wuri da mutane suke biyan kuɗin jirgi don kawai su je su yi ta hawan tudu a kan keke, tun safe har yamma.

Sunan wurin Kosika. Tsibiri ne a cikin tekun Bahar Rum, a ƙarƙashin ƙasar Faransa, kodayake ya fi kusa da Italiya. A nan aka haifi Napoleon a shekarar 1769, a garin Ajaksiyo. Tsawon tsibirin daga arewa zuwa kudu kilomita 183 ne kacal, amma yawancinsa duwatsu ne. Wanda ya fi tsayi shi ne Monte Cinto, mai mita 2,706. Yawancin mutanen suna zaune ne a garuruwan bakin teku, shi ya sa hanyoyin cikin duwatsu suke shiru, sai mutum ya daɗe yana tafiya bai haɗu da mota ba.

Akwai wata hanya da aka tsara wa masu keke, ana kiranta GT20. Ta tashi daga Bastiya a arewa ta ƙare a Bonifasiyo a kudu, kuma tsawonta kusan kilomita 600 ne. Da farko mun ɗauka kuskure ne, don ta ninka tsawon tsibirin fiye da sau uku. Ashe hanyar ce ba ta miƙe ba. Tana ta laƙwasa kamar maciji, ta zagaye wannan dutse ta gangara wancan kwari. Masu binta sukan raba tafiyar zango-zango, wasu su yi kusan mako biyu, da kayansu a jaka ɗaure a jikin keken.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, a can ba a tambayar nisa kawai, ana tambayar tsayin da za a hau. Ga misali. Daga ƙauyen Porto da ke bakin teku zuwa mashigar Berjiyo, wadda ita ce mashigar mota mafi tsayi a tsibirin, kilomita 34 ne ko kusan haka. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai ƙarfi zai iya cinye wannan cikin awa biyu. Amma Berjiyo tana bisa mita 1,477 daga teku. Wato mutum zai fara daga gaɓar ruwa, kafin la'asar ya hau sama fiye da tsayin da garin Jos yake. Mun yi lissafi a allo: a duk mita 100 da ya yi gaba, hanya tana ɗaga shi sama da mita 4 da ɗan ɗoriya. A faɗe kamar ba komai. Amma babu wurin sakin feda a huta, kuma idan yana cin kilomita 8 a awa, sai ya haura awa huɗu yana murzawa.

To ta yaya ƙafa take jurewa? Sirrin yana wajen giya. A irin kekenmu na gida, idan ka juya feda sau ɗaya, tayar baya tana juyawa fiye da sau biyu. Hakan yana da daɗi a miƙaƙƙiyar hanya, amma a tudu kamar ka ɗauki buhu ne gaba ɗaya. Keken hawan dutse yana da faifai masu haƙora da yawa a baya, manya da ƙanana. Idan aka mayar da sarƙa kan babban faifai, juyin feda ɗaya yana juya taya kusan sau ɗaya ne kawai. Gudu ya ragu, amma feda ta yi sauƙi. Aikin bai ragu ba fa, an dai raba buhun ne mudu-mudu.

Mu da muna zaton idan an kai ƙololuwa wahala ta ƙare. Ina! A duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi, saboda haka Berjiyo ta fi bakin teku sanyi da kusan digiri 10. Mutum ya iso jiƙe da gumi, ga iska, yanzu kuma zai gangara ba tare da motsa ƙafa ba. Dole ya sa rigar sanyi, in ba haka ba yatsunsa su sandare ya kasa matsa birki. Shi ma birkin, idan aka riƙe shi ba saki a doguwar gangara, zafi yake yi har ya rage kamawa. Don haka ƙwararru suna matsawa ne su saki, kuma suna rage gudu tun kafin su shiga kwana. Hular kwano kuwa ba a maganarta, wajibi ce.

Sannan ga dabbobi. A Kosika ana sakin aladu da shanu da awaki su yi kiwo da kansu, kuma suna son kwanciya a kan kwalta. Ka yi tunanin kana gangarowa a guje, ka sha kwana, sai ga saniya a tsakiyar hanya, a gefe ɗaya dutse, a ɗaya gefen rami mai zurfi.

Shirun da ya sa ake son hanyoyin nan shi ne kuma haɗarinsu. Ƙauyukan suna da nisa da juna, kuma kantuna da yawa suna rufewa da tsakar rana. Babu mai faci a gindin bishiya kamar yadda muka saba. Wanda tayarsa ta sace, shi zai gyara abarsa, don haka kowa yana tafe da famfo da kayan faci da abin ci, kuma yana cika gorarsa a duk ƙauyen da ya ga ruwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Mayu da Yuni, ko Satumba da Oktoba. A Yuli da Agusta akwai zafi da motocin 'yan yawon buɗe ido, da hunturu kuma ƙanƙara tana iya toshe hanyoyin sama.

Babbar gasar tseren keke ta Tour de France ma sai a 2013 ta fara taka Kosika, a karo na 100 da aka yi ta, inda aka yi kwana uku ana tsere a tsibirin. A ranar farko wata doguwar motar 'yan wasa ta maƙale a ƙarƙashin ƙofar da aka kafa a layin ƙarshe a Bastiya, ga 'yan tsere sun kusa isowa. Da ƙyar aka janye ta kafin su ƙaraso.