Me ya sa saƙonnin talla na imel ke dawowa, kuma yaya ake gyara matsalar?

'Yan kasuwa da ƙungiyoyi da ke tura sanarwa ga abokan hulɗarsu ta imel na ƙara kokawa cewa saƙonninsu na dawowa, ko kuma su faɗa akwatin tarkace inda ba mai duba su. Lamarin ya tsananta ne tun watan Fabrairun 2024, lokacin da kamfanonin Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan karɓar wasiƙu. Kamfanin Microsoft ma ya bi sahunsu daga ranar 5 ga watan Mayun 2025 a akwatunan Outlook da Hotmail. Ga ɗan kasuwar da ke Garwa ko Kumasi ko Njamena, wanda masu sayen kayansa ke wata ƙasa, saƙon da bai isa ba ciniki ne ya kuɓuce.

A fara da karanta saƙon da ya dawo

Duk wasiƙar da aka ƙi karɓa tana dawowa da lamba mai nuna dalili. Idan lambar ta fara da 4, matsalar ta ɗan lokaci ce, kamar cunkoso ko saƙonni sun yi yawa a lokaci guda, kuma na'urar aikawa za ta sake gwadawa da kanta. Idan ta fara da 5, an ƙi saƙon ke nan, sake tura shi ba zai yi amfani ba sai an gyara abin da ya jawo.

Lambar 550 5.1.1 na nufin babu wannan adireshin, ko an yi kuskuren rubuta shi ko an rufe shi. Irin wannan a cire shi daga jerin nan take, domin yawan aika wa adireshin da ya mutu yana zubar da mutuncin mai aikawa a wurin kamfanonin. Lambar 5.2.2 kuwa akwatin mutumin ne ya cika. Amma idan aka ga 550 5.7.26 daga Gmail, ko 550 5.7.515 daga Outlook, to laifin ba na mai karɓa ba ne: an kasa tabbatar da cewa wanda sunansa ke kan saƙon shi ne ya aiko shi.

Takardun shaida guda uku

Tun asali tsarin imel bai hana kowa rubuta sunan wani a matsayin mai aikawa ba, abin da 'yan damfara suka daɗe suna cin moriyarsa. Shi ya sa aka ƙirƙiro hanyoyin tantancewa uku. Dukkansu ana rubuta su ne a kundin DNS na domen, wato sunan nan da ke bayan alamar @ a adireshi.

Na farko shi ne SPF. Jeri ne na na'urorin da mai domen ya yarje wa su aika wasiƙa da sunansa, kamar yadda mai kaya ke ba da sunayen direbobin da ya amince su ɗauko masa kaya. Na biyu DKIM, hatimi ne na lissafi da ake buga wa kowane saƙo. Mai karɓa na gwada shi da mabuɗin da aka ajiye a DNS, ya gane ko an taɓa saƙon a hanya. Na uku DMARC, umarni ne na abin da za a yi da saƙon da ya faɗi jarrabawar: a bar shi ya wuce, a kai shi akwatin tarkace, ko a ƙi shi gaba ɗaya. DMARC na kuma buƙatar sunan da mai karatu ke gani ya dace da domen da SPF ko DKIM ya tabbatar.

Google na neman aƙalla SPF ko DKIM daga kowane mai aikawa. Wanda ke tura saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa akwatunan Gmail kuwa, dole ya haɗa duka ukun.

Inda aka fi samun tangarɗa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yin amfani da kamfanin tura talla irin su Mailchimp ko Brevo, amma a sa adireshin gmail.com ko yahoo.fr a matsayin mai aikawa. Waɗannan sunaye ba mallakar ɗan kasuwar ba ne, don haka ba shi da ikon rubuta komai a kundinsu. Tun shekarar 2014 Yahoo ya ba da umarnin a ƙi duk saƙon da ke ɗauke da sunan yahoo.com idan ba daga na'urorinsa ya fito ba. Mafita ita ce a sayi domen na kai, ko mai ƙarewa da .com ko na ƙasa kamar .cm na Kamaru, .td na Chadi, .ne na Nijar ko .gh na Ghana.

Wani kuskuren shi ne rubuta SPF sau biyu, ɗaya na akwatin ofis, ɗaya na kamfanin talla. Ƙa'ida ta yarda da guda ɗaya tak, sai a haɗe su a layi guda. Haka kuma SPF ba ya jure binciken DNS fiye da 10, idan aka jibga masa kamfanoni da yawa sai ya daina aiki. Shi kuwa DKIM, sau da yawa ana guntule mabuɗin ne wajen kwafa, ko a manta ba a kunna shi ba a shafin kamfanin tallar.

Matakan gyara

A tura wa kai saƙon gwaji zuwa akwatin Gmail, a buɗe shi a kwamfuta, a zaɓi nuna asalin saƙon, wanda a shafin Faransanci aka rubuta Afficher l'original. Nan za a ga sakamakon SPF da DKIM da DMARC, kowanne ko ya ci ko ya faɗi. Wanda ya faɗi, a koma shafin kamfanin tallar a kwafo bayanan da ya bayar, a saka su a wurin da aka sayi domen. Gyaran kan ɗauki sa'o'i kaɗan, wani lokaci har kwana biyu, kafin ya bazu.

DMARC kuma a fara shi da p=none, wanda ke kawo rahoto kawai ba tare da hana saƙo ba. Sai an tabbatar duk wasiƙun gida na wucewa lafiya, har da rasit da na ma'aikata, sannan a tsaurara. Mai gaggawar sa p=reject na iya tare saƙonninsa da hannunsa.

Takardu kaɗai ba su isa ba

Ko shaida ta cika, saƙon da mutane ba su nema ba zai ci gaba da gamuwa da cikas. Google na so yawan masu kai ƙarar saƙo a matsayin tarkace kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum 3 cikin 1,000. Manyan masu aikawa kuma dole su sa hanyar fita daga jerin da dannawa ɗaya, su cire mutum cikin kwana biyu. Ana iya bin wannan ƙididdiga kyauta a Postmaster Tools na Google.

Saboda haka a guji sayen jerin adireshi, a kuma daina tura wa waɗanda suka yi watanni ba su buɗe saƙo ba. Sabon domen a fara shi da saƙonni kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Idan duk wannan ya daidaita amma saƙo na ci gaba da dawowa, a duba ko sunan ya shiga jerin baƙin littafi irin na Spamhaus, wanda ke da shafin bincike da hanyar neman a cire suna bayan an kawar da abin da ya jawo.