Amsoshin Takardunku: Littafin Jinyar Tsoho

Wani mai sauraronmu, ɗan tireda a Babbar Kasuwar Kaduna, ya rubuto cewa mahaifinsu ya tsufa, ga shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon suga. Su uku ke karɓa-karɓar jinyarsa. Rannan aka ba shi magani sau biyu bisa kuskure, har ya suma. Yana tambaya, ina mafita?

To malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ai maganin suga in ya yi yawa, sugan jini ne ke faɗuwa ƙasa, shi ya kawo suman. Kai da ba ka ba da bashin ko sisi sai ka rubuta, yaya za ka bar jinyar mahaifi ga tunani kawai?

Ka sayi littafi guda. Duk wanda ya ba da magani ya rubuta nan take: kwanan wata, lokaci, sunan magani, ƙwaya nawa, abin da Baba ya ci, sannan ya sa hannu. Mai karɓar jinya ya karanta kafin ya taɓa kwalba. In an yi kuskure a ja layi ɗaya, kada a goge. Ranar ganin likita, ko a Asibitin Barau Dikko ko wani, a tafi da littafin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.